Yadda ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki zai nemi diyya

Ma'aikacin da injin yanka citta ya datse wa yatsu a Kachia, ko wanda ya faɗo daga kan gini a Kafanchan, yana da haƙƙin diyya a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010. Hukumar NSITF ce ke biya, daga asusun da kowane mai ɗaukar ma'aikata ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata. Doka ta haramta a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci.

Wa'adi shi ne abin da ya fi jefa mutane cikin asara. Wajibi ne ma'aikaci, ko iyalinsa, ya sanar da mai aikin cikin kwana 14, tare da bayyana rana da wuri da yadda abin ya faru. Ya fi kyau a rubuce, domin maganar baki tana da wuyar tabbatarwa. Shi kuma mai aikin yana da kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Takardar neman diyya kuwa ana shigar da ita cikin shekara guda.

A adana rahoton likita da rasit ɗin magani, ko a asibitin da ke Kafanchan aka yi jinya ko a wani wuri. Hatsarin hanya tsakanin gida da wurin aiki ma yana iya shiga lissafi.

Wanda bai gamsu da hukuncin hukumar ba yana da kwana 180 ya ɗaukaka ƙara gabanta, daga nan sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.