Ina hujjarki, Hajiya?

Ranar wata Laraba, ana gab da tashi daga makaranta, kakar wata ɗalibata ta same ni a bakin aji. Ta zaro takarda daga cikin leda ta miƙo mini.

"Malam, ɗana, duba mini wannan. Na je wani ofishi, sun ce in koma in kawo hujja. Hujjar me kuma?"

Na karanta. Ana so ta nuna cewa ita 'yar ƙasa ce. Hajiya ta haura saba'in. A zangon Kumasi aka haife ta, nan aka haifi mahaifinta, kakanta kuma fataucin goro ne ya gangaro da shi daga Salaga. Takardar haihuwa kuwa ba ta taɓa ganin kalarta ba.

"Yaron da ya tambaye ni, wallahi na girmi uwarsa," in ji ta. "Nan aka binne cibiyata. Ai ni ce hujjar."

Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, don da safiyar ranar ni ma na mayar da wani yaro kan wannan kalma. Lissafi nake koyarwa a ƙaramar sakandare. Na ce su kawo hujjar cewa kusurwoyin alwatika, wato zane mai kusurwa uku, in an haɗa su digiri 180 ne. Yaron ya zana guda biyar, ya auna kowanne, ya kawo mini yana murmushi: "Ticha, gani ya kori ji." Na ce masa ko dubu ya auna, saura na dubu da ɗaya. A lissafi, hujja ita ce ka tashi daga abin da kowa ya yarda da shi, ka taka mataki bayan mataki har mai musu ya rasa ƙofar fita. Ka ja layi ta ƙolin alwatikar wanda ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gindinta, sai ka ga kusurwoyin uku sun kwanta a kan miƙaƙƙen layi guda. Haka Yukilid ya tsara irin wannan aiki a Iskandariyya fiye da shekara 2,000 da suka wuce, har yau ba wanda ya ɗaukaka ƙara. Yaron ya koma kujerarsa yana ƙunƙuni. Shi a wurinsa ido ya gani, magana ta ƙare. Haka Hajiya.

A takardar tata, kalma guda Bature ya sa, "proof". Da ita yake kiran hujjar lissafi, da shafin gwaji da mai ɗab'i ke bugawa a duba kurakurai, da ma'aunin ƙarfin barasa, har ya liƙa ta a jikin rigar da ruwa ba ya ratsawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne gwaji: an jarraba abu, ya tsaya. Mu namu kalmomin sun rabu, kowace da gidanta, kuma mai jin Hausa ba ya musanya su.

Dalili shi ne abin da ya jawo abu, ko abin da ya kai ka gare shi. "Ta dalilin wane na samu aiki." A zauren karatu kuma, in ɗalibi ya ce wa malami "mene ne dalili?", aya yake nema ko hadisi. Hujja tana da faɗa a jikinta. Kafa ta ake yi, kuma a kan wani ake kafa ta. In uwa ta ce wa ɗanta "ba ka da hujja", ba takarda take nema ba, cewa take yi ba shi da bakin kare kansa.

Shaida ce ta fi su yawan 'ya'ya, ita ce kuma ta fi damuna. Mutumin da ya gani da idonsa shaida ne. Abin da ya faɗa shaida ce. Tabon da ke kunnen akuya, wanda mai ita zai gane ta da shi a kasuwa, shaida ne. Kalmar da muke shiga Musulunci da ita daga wannan tushe take. A wurin ɗaurin aure ana cewa "ku shaida", jama'a su amsa "mun shaida", shi ke nan aure ya ɗauru ba tare da an taɓa alƙalami ba. Ranar jana'iza kuma ka ji ana cewa mamaci ya samu kyakkyawar shaida. Duk a nan mutum ne a tsaye, da fuskarsa da mutuncinsa, yana cewa na sani. Sai boko ya zo muka ce "takardar shaida", a hankali takardar ta ture mutumin.

Kada a ce ina kukan an raba mu da al'ada. Addininmu bai raina rubutu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take da kafa shaidu. Mu ne muka yi sakaci. Amma akwai ƙa'idar da duk wanda ya zauna gaban malamin fiƙihu ya sani: mai da'awa shi ke kawo bayyina, wanda ya musa rantsuwa ce a kansa. Wato kafin a tambayi mece ce hujja, sai an san a wuyan wa take. To, wanda aka haifa a gari, aka haifi ubansa a garin, in aka ce masa baƙo ne, wane ne mai da'awa?

Tambayar ba ta wasa ba ce a zango. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya bar Ghana. Dubban mutane suka kwashe kaya, cikinsu har da waɗanda ba su san wata ƙasa ba sai wannan. Tsofaffinmu ba su manta ba. Shi ya sa in an ce wa Hajiya "kawo hujja", abin da kunnenta ke ji ya wuce abin da bakin ma'aikacin ya faɗa.

Doka dai a fili take. Tsarin mulkin 1992 ya ce wanda aka haifa bayan ya fara aiki ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Bai ambaci ƙabila ba, bai ambaci suna ba. Wahalar tana wajen abin da za a nuna. A 2014 Kotun Ƙoli ta ce katin inshorar lafiya ba zai yi wajen rajistar zaɓe ba, tunda baƙo ma yana iya mallakarsa. A 2020 ta ce takardar haihuwa ita ma ba ta isa ba, don ba ta tabbatar da cewa mai riƙe da ita shi ne wanda aka rubuta a ciki. A rajistar 2020 abu uku aka karɓa: fasfo, ko katin ɗan ƙasa, ko mutum biyu masu rajista su tsaya maka. Dubi inda aka zagayo. Bayan duk takardu da hatimi, an dawo kan shaidu biyu, irin na ɗaurin aure.

Da wannan na shawarci Hajiya. Na ce ta koma da 'yan'uwanta da suka riga suka samu nasu takardun, su tsaya mata. Ta ce ƙaninta yana Aboabo, gobe za ta aika a kira shi.

Kafin ta tafi na ce ta turo mini takardun jikar tata, tunda rajistar jarrabawar fita ta matso. Washegari yarinyar ta kawo. A takardar haihuwa sunan mahaifinta Mohammed, a katin asibiti Mahama, a rajistar makarantarmu Muhammad. Mutum guda ne, kowa a unguwa ya san shi, amma a idon kwamfuta maza uku ne. Wannan ba laifin kowa ba ne sai namu, mu da muke barin duk wanda ya riƙe biro ya rubuta sunanmu yadda kunnensa ya ji. Iyaye, don Allah ku zauna yau ku jera takardun yaranku ku duba harafi da harafi. Rajistar haihuwa kyauta ce kafin jariri ya cika shekara, gyara daga baya kuwa sai da kuɗi da zirga-zirga.

Na aika wa Hajiya cewa sai uban yarinyar ya je ya yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan nasa ne. Da yamma sai ga ta da kanta.

"Malam, rantsuwa kuma? Da Alƙur'ani?"

Na ce a'a, Hajiya, a gaban jami'i ne, ya sa hannu a buga hatimi.

Ta gyara mayafinta ta ce, "To, in ta hatimi ce, nawa ne?"