Bindiga Ba Harsashi Ma Tana Kisa

A ranar hawan Salla a Katsina, 'yan bindiga sukan ɗura albarushi a bindigar toka, su danne shi da tsumma, ba harsashi. Yara da dama, har a garuruwa irin su Barkiya, sun ɗauka wannan harbi ƙara ce kawai. Ba haka ba ne. Albarushi in ya ƙone yakan zama iska mai tsananin zafi, wadda ƙarfinta ke iya fasa ƙashi idan an harba a kurkusa. Irin wannan harbi ne ya kashe ɗan wasan Amurka, Jon-Erik Hexum, a 1984. Haka kuma, ragowar garwashi a cikin bututun bindiga yana iya tayar da sabon ɗuri a hannun mai ɗurawa. Saboda haka, wajibi ne ɗalibai su nisanci bakin kowace bindiga.