Yadda Ake Gane Darajar Dutsen Ametis

Da yawa daga cikinmu mun fito daga ƙauyukan da ake haƙar duwatsu masu daraja, a Filato, Bauci, Kaduna da Nasarawa. Wani lokaci mutum yakan tsinci dutse mai launin shunayya, dillali ya zo daga Jos ya saye shi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani kuma yakan ɗora wa dutsen buri, har ya yi sakaci da gona ko karatu, daga baya ya tarar ba shi da wani kuɗi. Duka biyun rashin sani ne, wanda ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Sunan wannan dutse ametis. Mun san shi a Littafi Mai Tsarki, a Fitowa 28:19 cikin duwatsun ƙyallen ƙirjin babban firist, da kuma Wahayin Yahaya 21:20. Dangin farin dutsen nan ne mai ƙyalli da masana ke kira kwats, ɗan ƙarfen da ke cikinsa ne ya ba shi launi.

Kafin mu yi maganar kuɗi, sai mu tabbatar ametis ne. Na gaskiya yana da gefe 6, da tsini a kai. A ma'aunin tauri da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, wanda ya tashi daga 1 zuwa 10, ametis yana kan 7. Saboda haka yakan karce kwalba, wuƙa kuwa ba ta karce shi. Akwai wani dutse mai kama da shi, fulorait, wanda taurinsa 4 ne kawai, wuƙa tana yi masa zane nan da nan. Idan kuma mun ga 'yan kumfa zagayayyu a ciki, to, gilashi ne.

Bayan haka sai launi, shi ne uban tafiya. A wanke dutsen, a ɗora shi kan farar takarda, a duba shi da hasken rana a inuwa. Wanda ya fi tsada shi ne mai shunayya sosai, mai ɗan walƙiyar ja. Mai fari-fari ba shi da kuɗi sosai, haka ma wanda ya yi duhu har haske ba ya ratsa shi. Mu lura kuma ko launin ya game jikinsa, domin sau da yawa yakan taru a tsinin, gindin ya zama fari.

Na uku, tsabtar ciki. A haska shi da tocila ta baya. Tsaga, hazo da ɗigon baƙi duk suna rage daraja, domin mai yanka dutse ba ya amfani sai da wurin da yake garau. Shi ya sa fasa rami da nakiya yake jawo hasara: yakan tsattsage duwatsun tun suna ƙasa.

Na huɗu, nauyi. Ana auna ɗanyen dutse da giram ko kilo, yankakke kuwa da karat, karat 5 su ne giram 1. Wajen yanka, fiye da rabin dutsen yakan tafi a banza. Don haka ɗan ƙarami kamar gyaɗa, mai launi da tsabta, yana iya fin wani kamar doya mai tsaga. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Amma idan muka sami curi mai tsinaye da yawa waɗanda ba su karye ba, kada mu farfasa shi, gama akwai masu sayensa haka nan don ado.

Sai mu faɗa wa juna gaskiya. A dā ana jera ametis da duwatsun sarakuna, amma tun da aka sami tarinsa a Brazil a ƙarni na 19 farashinsa ya faɗi. Yau Brazil, Uruguay da Zambiya suna fitar da shi da yawa, ana kuma ƙera shi a masana'anta. Ba lu'ulu'u ba ne. Mai kyau ƙwarai ne kaɗai ake saye da giram, sauran da kilo ake kwasa.

Shawararmu ga iyaye da 'yan'uwa ita ce, a rarraba duwatsun kashi-kashi kafin dillali ya iso, kada mai kyau ya tafi a farashin tarkace. A auna a gabanmu, a kuma ji tayin mutum biyu ko uku. Kada a shanya shi a rana, domin launinsa yakan koɗe, kada kuma a sa shi a wuta, zafi mai yawa yakan mai da shi rawaya. A naɗe kowanne dabam a tsumma don kada su karce juna.

Mu ɗalibai da muka koyi awo da kimiyya a aji, ga inda za mu taimaki gida in mun je hutu.