Maganin Bambancin Tsawon Ƙafa a Yara

Cutar Ollier, wadda ta samo sunanta daga wani likitan Faransa na ƙarni na 19, tana cikin cututtukan ƙashi da ba a cika gani ba. A cikinta guringuntsi kan taru a kusa da gaɓoɓi, wurin da ƙashin yaro yake tsawo, sai ƙafa ɗaya ta gaza ɗayar, yaron ya riƙa ɗingishi.

Idan bambancin bai kai santimita 2 ba, ƙarin tudu a takalmi ya wadatar, amma idan ya haura santimita 5, likitoci kan bi dabarar da Gavriil Ilizarov ya ƙirƙira a Kurgan ta Rasha a shekarun 1950: a yanka ƙashin, a kafa masa zobban ƙarfe daga waje, a riƙa buɗa shi milimita 1 kullum, sabon ƙashi yana cike giɓin.

Tun da cutar Ollier ba karaya ba ce, ɗorin gargajiya ba ya magance ta. Iyalan Kufena da birnin Zariya suna iya neman gwaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.