Garkar Lakkwal: Aikin Gari Duka Ne

 Hatsi ya shiga rumbu, yara sun koma lakkwal tun watan Oktoba, sanyi kuma yana tafe. To, yanzu ne lokacin garka.

Dattawanmu ba su manta da yunwar 1973 da ta 1984 ba. Bayan ta 1984 ne gwamnatin Seyni Kountché ta tashi tsaye kan noman rani, don kada talaka ya dogara ga damina kaɗai. Yau wanda ya bi Dallol Mawri, daga Matankari zuwa Tibiri, zai ga abin da wannan ya haifar. Dogon Dutsi ma ta yi suna da dankalin turawa. Amma noman rani sana'a ce da ake koyo, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dalilin garkar lakkwal ke nan.

Wasu iyaye suna cewa: mun kai yaro karatu ne, ba ɗaukar ruwa ba. Ku saurara. Yaron da ya auna fangali da mita, ya ƙidaya dashe, ya rubuta abin da aka sayar, lissafi yake yi. Ya kuma san yadda ake reno da dashe da haɗa taki, abin da zai iya riƙe shi a gida ranar da tsaransa suka tafi cin rani. Ga kuma lafiya: karoti da ganyen zogala suna da sinadarin da ke kare yara daga dundumi.

Sai dai a yawon aikinmu na malaman gona mun ga garka da yawa sun mutu tun ba a ci ko ganye ɗaya ba. A wata lakkwal, salati ya yi kyau har ana sha'awa. Aka tafi hutun ƙarshen watan Disamba, mushe ya tafi ganin gida, ba a bar wa kowa amanar ban ruwa ba. Da aka dawo, abin da ƙishirwa ta bari awaki sun gama da shi. Yaran nan sun yi kuka, kuma da wata shekara ta zagayo ba wanda ya yarda ya ɗauki kwashe. Laifin ba na yara ba ne, namu ne mu manya.

Don haka ga abin da muke roƙonku.

Na farko, shinge kafin iri. Ku iyaye maza, kowa ya kawo dami ɗaya na kara ko ƙaya, a kewaye wurin a rana ɗaya. Ta ciki a dasa zogala a jere.

Na biyu, a auna garka da ƙarfin ruwa. Fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 5 yana shan kusan lita 30 zuwa 40 kowace rana, rabi da safe, rabi da marece. Inda rijiya take da zurfi, fangali 4 da aka kula da su sun fi 20 da za su bushe. A yi garkar kusa da rijiya ko famfo, ruwan da ke zuba ƙasa ma a ja shi zuwa gindin zogala.

Na uku, taki. A zuba ruɓaɓɓen takin dabbobi, a cuɗa shi da ƙasa. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa.

Na huɗu, kada a makara. A yi renon salati da shu da tumatir da albasar Galmi tun farkon watan Nuwamba. Salati da tumatir da shu ana dasa su bayan mako 3 zuwa 4, albasa takan kai mako 6 ko 7. Karoti kuwa ba a dasa shi, a fangalinsa ake shuka shi. Wanda ya jira har Janairu, zafin watan Maris zai riske shi.

Na biyar, magani. Kada a ba yaro maganin ƙwari na kanti. A daka ƴaƴan bedi, a jiƙa su kwana ɗaya, a tace, a yayyafa da marece.

Na ƙarshe, tun yau kwamitin lakkwal da ƙungiyar uwaye su zauna su rubuta sunan gidan da zai yi ban ruwa kowace ranar hutu. Su kuma yanke yadda za a yi da amfanin: kashi ɗaya yara su ci ko su kai gida, kashi ɗaya a sayar a ajiye kuɗin irin baɗi, a faɗi lissafin a gaban kowa.

Mai neman iri ko ƙarin bayani, ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa kafin Nuwamba ta yi nisa. Allah ya ba mu rani mai albarka.