Kuɗin Fito: Daga Zamanin Ayari Zuwa Kasuwar Gusau

Duk manomin da ya taso daga Ruwan Bore ya je kasuwar Gusau ya sayi turmin atamfa ko injin ban-ruwa na ƙasar waje, to, ya biya kuɗin fito ko bai sani ba, gama ɗan kasuwa ya riga ya ɗora shi a kan farashi tun daga tashar jiragen ruwa ta Ikko.

Wannan haraji ya daɗe. Tun kafin zuwan Turawa, madugai kan biya sarakuna kuɗin hanya kafin ayarin goro ko na gishiri ya wuce. Da Turawa suka ci ƙasar Hausa a 1903, Gwamna Lugga ya karɓi harajin fatake, watau kashi 5 cikin ɗari na darajar kaya a kowane lardi, har ya kai kashi 15. Fatake suka yi ta kuka, aka soke shi a 1907. Bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929, sai kayan Ingila suka riƙa zuwa kantuna kai tsaye, auduga da gyaɗa kuma suna gangarawa kudu.

Ba Nijeriya kaɗai ta dogara da kuɗin fito ba. A Amurka, Shugaba George Washington ya sa hannu a dokar kuɗin fito ran 4 ga Yuli, 1789, aka kuma naɗa masu karɓarsa a tasoshi irin su New York da Boston. Shekara da shekaru, da shi aka fi tafiyar da gwamnatin ƙasar, ya kuma ba masana'antunta kariya.

A nan ne darasin yake. Idan an kauce wa kwastan ta hanyoyin daji na iyakar Jibiya da Illela, baitulmali ya yi asara, kayan gida kuma su rasa kasuwa. Fasa-ƙwauri, tare da ƙarancin wutar lantarki, na cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Kaduna da Kano da ta Gusau. An rufe iyakokin ƙasa a 1984 da 2019, amma rufe ƙofa bai zama magani ba. Maganin shi ne haraji mai sauƙin biya, da ma'aikata masu riƙon amana.