Tafiye-tafiyen Baya a Fom ɗin Neman Zama na Dindindin

Duk ƙasar da ke ba baƙo izinin zama na dindindin takan so ta san inda ƙafarsa ta taɓa takawa kafin ta karɓe shi. Shi ya sa a cikin tarin takardun da mai nema ke cikewa ba a rasa shafin da ke tambayar ƙasashen da ya je, ranar fita, ranar dawowa da dalilin tafiyar. Kanada ta ware wa wannan tambaya fom guda mai lamba IMM 5562, inda ake lissafo duk fitar da mutum ya yi daga ƙasarsa, ko ƙasar da yake zaune, a shekaru 10 da suka wuce, ko tun daga ranar da ya cika shekara 18 idan tsakanin bai kai haka ba. Matarsa da 'ya'yansa da suka kai shekara 18 su ma suna da nasu gurbin. Fom ɗin DS-260 na masu neman bizar zama a Amurka yana tambayar ƙasashen da aka ziyarta cikin shekaru 5, ita kuwa Ostireliya shekaru 10 take nema a fom ɗinta mai lamba 80. Kusa da wannan tambaya akwai wata da ta fi ta nauyi: ko wata ƙasa ta taɓa hana mutum biza, ko ta hana shi shiga, ko ta umarce shi ya fita. A fom ɗin Kanada wannan ba ta da iyakar shekaru, tsawon rayuwa take nufi.

Ga mutumin Garun Mallam, ko Kura, ko Bunkure, wahalar tambayar tana cikin kalmar "waje". Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974 aka janyo ruwa zuwa gonakin Kadawa da kewaye, noman rani ya mayar da yankin mahaɗar fatake. Tumatir na tashi daga kasuwar Kwanar Gafan zuwa Legas, shinkafar Kura na bin hanyoyi da dama, kuɗin da aka samu bayan kaka kuma da shi ake biyan kujerar Makka ko a tafi Umara da azumi. A bakin mutane, wanda ya je waje shi ne wanda ya hau jirgi zuwa Turai ko Amurka. Wanda ya bi ta Jibiya ya kwana biyu a Maraɗi, ko ya bi ta Kwangwalam ya je biki Damagaram, ko ya leƙa ƙetaren Maigatari sayen dabbobi, idan aka tambaye shi ko ya taɓa fita waje, da zuciya ɗaya zai ce a'a. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, sau da yawa ma ba wanda ya nemi ganin fasfonsa. Amma a idon mai duba fom, Jamhuriyar Nijar ƙasa ce dabam kamar yadda Faransa take, kuma kwana ɗaya a cikinta tafiya ce da ake so a rubuta.

Yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, wadda ta ba 'yan yankin damar shiga ƙasashen juna har kwana 90 ba tare da biza ba, ta ƙara sa irin waɗannan tafiye-tafiye ba su barin sawu a takarda. Rashin hatimi a fasfo bai ɗauke wa mai nema nauyin faɗa ba, domin abin da aka tambaya shi ne inda ya je, ba inda aka buga masa hatimi ba. Matashin da ya karanci aikin gona ko aikin jinya, yake neman shiga Kanada ta tsarin Express Entry da aka fara a watan Janairun 2015, idan a shekarun ɗalibta ya riƙa raka mahaifinsa fatauci zuwa Maraɗi, wajibi ne ya lissafo tafiye-tafiyen da suka faɗo cikin shekarun da aka tambaya. Wanda zirga-zirgarsa ta yi yawa har ba ta ƙirguwa, sai ya rubuta iya abin da ya iya tunawa, ya haɗa da wasiƙar bayani cewa yakan je sau kaza a shekara don kasuwanci, kuma ranakun ƙiyasi ne.

Inda aka fi samun ɓoyo da gangan shi ne tafiyar da ta ƙare ba daɗi. Akwai wanda ya je Umara ya zarce da zama a Jidda ko Makka shekara biyu yana neman na kansa, har aka kama shi aka ɗauki zanen yatsunsa aka tiso ƙeyarsa gida. Akwai wanda ya yi amfani da afuwar da Saudiyya ta yi wa masu zama ba izini a 2017 ya dawo da ƙafarsa. Akwai kuma wanda ya bi ta Agadas ya shiga Libiya ci-rani, ya dawo a jirgin da aka kwaso 'yan Najeriya da shi. Duk waɗannan mutane kunya da tsoro kan sa su so rufe wannan babi. Abin da ya kamata su sani shi ne, zarce wa'adi a wata ƙasa ta uku, ko hana mutum bizar Ingila shekaru shida da suka wuce, a mafi yawan lokuta su kaɗai ba sa rufe ƙofar zama na dindindin. Jami'i zai duba, zai iya neman ƙarin bayani, sannan ya yanke hukunci. Ɓoyewar ita ce dokar ta tanadar wa hukunci na musamman.

Sashe na 40 na dokar shige da fice ta Kanada ya haramta wa mutum shiga ƙasar idan ya ba da bayanin ƙarya, ko ya ɓoye wani abu mai muhimmanci da zai iya sa jami'i ya yi kuskure wajen yanke hukunci, ko da kansa ya yi ko ta hannun wani. A da haramcin shekara 2 ne, tun daga Nuwamban 2014 aka mayar da shi shekara 5, kuma cikin wannan wa'adi mutum ba shi da damar sake neman zama na dindindin. A Birtaniya yaudara a takardar neman biza na iya jawo haramcin shekara 10. Ostireliya kan rufe ƙofa shekara 3 ga wanda ya ba da bayanin ƙarya. Amurka ta fi tsanani: wanda aka samu da ƙarya da gangan kan wani abu mai muhimmanci, haramcinsa na har abada ne, sai dai in ya sami sassauci na musamman, wanda ba kowa ya cancanci nemansa ba.

Wannan batu na "ta hannun wani" shi ya fi cin mutane. Da yawa ba su ke cike fom da kansu ba. Sukan kai wa wani ejan a birni, ko mai shagon kwamfuta, shi kuma don sauri ko don ganin ya gyara wa mai nema hanya sai ya latsa "a'a" a duk tambayar da ta yi kama da matsala. Wani ma har shawara yake bayarwa cewa a yi sabon fasfo a ce tsohon ya ɓace. Wannan muguwar shawara ce. Kotunan Kanada sun sha tabbatar da cewa mai sa hannu shi ke da alhakin abin da ke cikin fom, ko da wani ne ya rubuta. Sabon fasfo kuma ba ya canja yatsun mutum. Kanada, Amurka, Birtaniya, Ostireliya da New Zealand suna musayar bayanan shige da fice a tsakaninsu, har da zanen yatsu, don haka bizar da aka hana mutum a ofishin wata daga cikinsu a Abuja ko Legas tana iya bayyana a allon jami'in wata. Wani lokaci ma takardun mai neman ne ke tona shi: fom ɗin tarihin rayuwa na Kanada yana buƙatar a cike shekaru 10 ba tare da barin giɓi ba, sai mutum ya ce yana noma a Kadawa a daidai shekarar da asusunsa na banki ya nuna ana turo kuɗi daga ƙetare.

Tattara ranakun aiki ne na haƙuri, kuma daga ƙasan akwati yake farawa. Tsohon fasfo da aka huda ko aka yanke masa kusurwa, wanda mutane ke ganin ya gama amfani, shi ne babban mashaidi. Sai a buɗe shi shafi-shafi kusa da taga, domin wani hatimin ya koɗe, wani ya hau kan wani. Na Saudiyya da kwanan watan Hijira aka buga su, dole a juya su zuwa na Miladiyya a tsanake, don kuskuren shekara ɗaya a nan ba wuya. Bayan fasfo akwai katin rigakafi mai launin rawaya, rasit ɗin hukumar alhazai, tsofaffin saƙonnin tikiti a imel, da hotunan waya da na Facebook waɗanda ke ɗauke da ranar da aka ɗauke su. Inda takarda ta ƙare, kalandar da manoman yankin ke riƙe da ita a ka tana taimakawa. Wanda ya tuna ya je Damagaram a shekarar da tsutsa ta cinye tumatir, 2016 yake nufi. Wanda ya ce kafin a rufe boda ne, mai yiwuwa yana maganar kafin Agustan 2019, lokacin da aka rufe ta ba a sake buɗewa ba sai Disamban 2020. Hajjin da aka yi turmutsitsi a Mina, 2015 ke nan. Daga nan sai a kusanto da watan ta hanyar tuna ko lokacin dashe ne ko an riga an kwashe amfani.

Zaman da ya kai wata shida a jere a wata ƙasa yana jawo wata buƙatar: Kanada na neman takardar shaidar 'yan sanda daga can. Ga wanda ya zauna ba takardun izini, samun ta na iya gagara. A irin wannan hali ana gabatar da shaidar ƙoƙarin da aka yi tare da bayani a rubuce, jami'i ya duba.

Idan mutum ya riga ya aika fom sannan ya tuna wata tafiya da ya tsallake, zai iya sanar da hukumar a rubuce tun kafin a yanke hukunci, kuma gyaran da ya fito daga gare shi ya fi wanda aka gano. Idan hukumar Kanada ce ta fara ganowa, takan aiko da wasiƙar da ke ba shi damar kare kansa cikin gajeren wa'adi da aka rubuta a ciki, kuma a wannan mataki lauya ko mashawarci mai lasisi ake nema. Samun izinin ma ba ya rufe fayil ɗin. Idan daga baya ta bayyana cewa da ƙarya aka same shi, ana iya janye shi a kori mutum daga Kanada, kuma dokar zama ɗan ƙasa ta ba gwamnati ikon soke shaidar ɗan ƙasa da aka gina a kansa, ko da shekaru sun shuɗe.